Layin Laka a Bangon Zaure

"Wa ya ba ta izinin shafa laka a bangon nan?" in ji Injiniya Ɗanbaba, yana nuna bangon da biro.

Mudasiru, ɗan Kumasi mai rataye hotuna a zauren baje kolin, ya ɗaga kafaɗa. "Manaja ne, massa. Kai dai ka sa hannu, khalas, shi ke nan. Gobe ake buɗewa."

Ɗanbaba ne mai kula da lafiyar ginin, kuma ba a buɗe baje koli sai ya amince. Sati biyu da suka wuce ya tsaya a kan masu fenti har bangon ya yi fari tas. Yanzu ga wata yarinya daga Japan, mai suna Nanase, ta hau can ƙarshen tsani da gwangwani a hannu, tana jan layi mai ruwan ƙasa daf da silin.

"A garinmu," ya ce wa Mudasiru, "in yaro ya yi wannan, bulala zai sha. A nan kuma tikitin jirgi ake saya masa."

Nanase ta sauko, ta rusuna ta gaishe shi da Turanci, har da neman afuwa sau uku. Ta yi masa bayani. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya teku ya taso ya shiga garinsu bayan girgizar ƙasa. Su suna makaranta a kan tudu, kakarta tana gida. Layin can na sama, iyakar inda ruwa ya kai ne a jikin gidan. Lakar kuwa daga filin gidan ta ɗebo ta, ta busar, ta zo da ita.

Ɗanbaba ya sauke biron. "Allah ya ji ƙan musulmi," ya fara da Hausa, sai ya tuna, ya ce mata ya yi baƙin ciki da jin haka. Sannan ya nuna ƙasa. "To, waɗannan fa?"

Gajerun layuka ne birjik, wani a gwiwa, wani a ƙirji, kowanne da sunan gari a gefe. Ta ce ta roƙi ma'aikatan ginin ne, duk wanda ruwa ya taɓa ci wa gida ya ja nasa. Mai gadin ƙofa ɗan Kerala ya ja, direba ɗan Pakistan ya ja, wata 'yar Sudan mai sayar da tikiti ta ja tana kuka.

"Ga nawa can," in ji Mudasiru, yana nuna wani layi a idon sawu.

"Wannan ai kwata ce ta toshe."

"Ruwa ruwa ne, massa. Katifana ya tafi."

Nanase ta tambayi Ɗanbaba garinsu. Da ya ce Maiduguri, Mudasiru ya yi caraf ya gaya mata cewa dam ya fashe musu shekarar da ta wuce, har a talabijin an nuna. Ta miƙo masa buroshi da hannu biyu.

"Ina ruwan ya kai a gidanku?"

Ɗanbaba bai karɓi buroshin ba. Ya san kaurin kowane ƙarfe da ke cikin ginin nan. Ya san ranar da aka kwashe Inna a kwalekwale daga unguwarsu ta Gwange, ya san ya tura magini, ya tura mai fenti, duk daga falonsa na unguwar Old Airport a nan ƙasar waje. Hutunsa biyu ya ɗaga saboda aiki. Amma bai taɓa tambayar inda ruwan ya tsaya ba.

"Ina zuwa," ya ce.

Ya fita baranda, zafin azahar ya mare shi. Sai a kira na uku Inna ta ɗauka.

"Injiniya! Yau ba Juma'a ba ce. Lafiya?"

"Lafiya lau, Inna. Tambaya ce da ni. Lokacin ambaliya, ina ruwa ya kai a ɗakinki?"



"Sai yau?" ta ce. "Ruwan ya tafi, kifin ma an cinye, sannan ka zo da ƙugiya?"

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Ka tuna ƙusar da mahaifinku yake rataye hula? Ya wuce ta da tafin hannu. Ina kan katanga ni da ƙanwarka Shakira tun asuba har la'asar, muna kallon tukwanena suna fita ƙofa ɗaya bayan ɗaya kamar masu zuwa biki."

Ɗanbaba ya dafa ƙarfen baranda, bai ji zafinsa ba. Ƙusar nan, shi kansa sai ya ɗaga hannu yake kai mata. Ba wanda ya gaya masa zancen katanga.

"Da ka zo ma da ka gani," ta ci gaba. "Shatin yana nan. Mai fentinka ya yi ko'ina, na ce ban da wannan bangon. Na ce sai mai gidan ya zo ya gani da idonsa."

"Ina nan tafe ƙarshen wata, in sha Allah."

"Mun ji. Ka taho da dabino, ba irin busasshen nan ba."

Da ya dawo ciki, ya zaro tef daga aljihu. Ya auna, ya sake aunawa, ya sa Mudasiru ya riƙe masa bakin tef ɗin, sannan ya tsoma buroshi ya ja layinsa sama da kansa. Lakar ta gangaro ta ɓata masa hannun farar riga. Ya rubuta Gwange a gefe, ya karɓi takardar amincewa ya sa hannu.

Nanase ta tambaye shi a hankali abin da mahaifiyarsa ta ce.

"Ta ce ta riga ki," in ji Ɗanbaba. "Nata baje kolin ya shekara a buɗe, mutum ɗaya take jira."