Unguwar da Noelene Ta Yaba

Desmond na gyara fakin yana ja wa matarsa kunne. "Noelene, don Allah idan mun shiga ki bar ni in yi magana."

"Shekara talatin da ɗaya kana faɗin haka. Yaushe ka taɓa yi?"

Gidansu na Toowoomba suka sayar sukutum don su sayi aikin kula da wani benen gidaje a Wynnum, unguwar bakin teku kusa da Brisbane. Za su zauna a ƙasa, shi ya yi shara da ban ruwan fulawa, ita ta riƙa zuba 'yan haya. Gidaje goma sha shida ne a benen, tara na haya, kuma la'adar taran nan ita ce abincinsu. Abin da ya rage kawai kwamitin masu gidajen ya amince da su. Desmond dai tsoro yake ji ba kaɗan ba, har rigarsa ta jiƙe da gumi.

Shugabar kwamitin, Misis Varga, daga Melbourne ta taso da safen nan. Huɗu daga gidajen hayar nata ne da ƙannenta mata uku. Ta leƙo su ta saman tabarau.

"Ni ban san abin da kuka gani a nan ba. In ban da laka da sauro, me ke akwai? Rabona da kwana a garin nan shekara goma sha biyu."

Ai kuwa ta taɓo Noelene.

"Laka? Haba baiwar Allah, yaushe rabonki da fita bakin ruwa da sassafe?" Ta gyara zama. Ta kawo iskar teku, ta kawo mai soya kifin kan kwana, ta kawo jirgin ƙasan da ke kai mutum Brisbane kafin shayinsa ya huce. Har tsofaffin da ke wanka a tafkin gishiri a watan Yuli, lokacin da sanyin ƙasar ya fi tsanani, sai da ta lissafo, wai ciwon gwiwa bai san su ba.

Desmond ya zungure ta da ƙafa ta ƙarƙashin tebur.

"Des, ƙafata ce kake takawa," ta ce, ta ɗora daga inda ta tsaya.

Ba a yi minti ashirin ba aka amince da su, suka sa hannu. Desmond ya sauke ajiyar zuciya, har ya soma alfahari da bakin matarsa.

Misis Varga kuwa tana jikin taga, ta ƙura wa teku ido, hannunta na shafa gwiwa.

"Kin san Allah, sanyin Melbourne ya ishe ni," ta ce. "Ki ba ɗan hayata notis, bayan Kirsimeti zan tare. Bari in kira ƙannena, duk inda na sa ƙafa nan suke sawa."

A mota Desmond ya riƙe sitiyari bai tayar ba.

"Gidajen hayar saura biyar," ya ce.

Noelene ta kalli tekun. Can ta juyo.

"Kai ma dai, Des. Kana zaune, me ya hana ka yi magana?"