Jan Bargon Sigrun

Ni Tormod, ni na fara ganin jirgin nan yana nitsewa, duk wanda ya ce ya riga ni ƙarya yake. Ina kan tudu ina yi wa sojojin Jamus dakon siminti na hango shi ya kafa hanci cikin teku. Ban taɓa zama a aji ba, amma ido irin nawa ba a sake haifa ba a gaɓar nan. Na sha yunwa, na sha gindin bindiga, ga ni har yau da haƙorana. Sai dai labarin ba nawa ba ne, na maƙwabcina Eilif ne.

Yaƙi ya rutsa da Eilif yana aiki a jirgin 'yan kasuwa, bai sake taka gida ba sai da aka ajiye makamai. Ya dawo ya tarar da teku ta daina saninsa. Mu nan masunci da alamun tudu yake gane makwancin kifi: ka daidaita farin dutse da hasumiyar coci, ka saki ƙugiya. Uba ke raɗa wa ɗansa, ba a gaya wa bare. To sojoji sun fasa farin dutsen da nakiya, sun sauke hasumiyar. Eilif ya fita, ya fita, kullum ya dawo da kwalekwale wayam.

Matarsa Sigrun kuwa, wadda kafin yaƙi ba a barin irinta ta sa ƙafa a kwalekwale don kada kifi ya gudu, ita ke cika katakon shanya da kifi. Yunwa ce ta koya mata tuƙi. Kifi duk sun tare a gawar jirgin nan, ita kaɗai ta san inda yake kwance.

"Eilif, yau ma uwargida ce ta ciyar da kai?" in ji masu gyaran komar kamun kifi a bakin ruwa. "Ka karɓi tukunya mana, ka bar mata wandon."

Yakan yi dariya tare da su, amma abin na cin sa a rai. Wa ya nuna mata wurin? Mace ba ta tsintar makwancin kifi a hanya. Sai ya lura kowace safiya, kafin ta sauka ruwa, takan rataye wani jan bargo a doguwar sanda bayan gida. Ko ana yayyafi sai ta rataye. Wa ke shanya cikin yayyafi? Ya bi bargon da ido, ya ga ƙofar da yake fuskanta. Ƙofata ce. Ban ga laifinsa ba, don a lokacin ko matar fasto sai ta waiwayo in na wuce.

Ya same ni ina fasa itace. "Maƙwabci, ka kyauta da ka kula min da gida."

"Wane gida? Ina can ina dakon siminti."

"Idonka dai da kaifi, kowa ya sani. Yana ganin ja daga nesa?"

"Har tururuwa a kan tsibiri," na ce, ban san me nake sa wa wuta ba.

Washegari ya ce da ita, "Yau tare za mu fita." A ransa bargon kira ne, ni kuma zan biyo ta bayan tsibiri. So yake ya ga fuskarta in ba wanda ya zo. Ta rataye bargonta suka sauka. Ya ce ya manta lofensa na shan taba, ya koma, ya fizge bargon ya cusa a ƙarƙashin itacen girki.

Yana jan filafili, tana zaune a baya tana cewa dama, hagu. Da suka yi nisa ta miƙe ta kare ido da hannu. Ta daɗe tana duban gari.

"Ina bargona?"

"Wa kike so ya gani?"

Ta dube shi, ta sake duban tudu. "Ni nake so in gani, maigida. Gidajenmu duk baƙaƙe ne, daga nan ba a bambanta su da dutse. In bargon ya hau kan bakin rafi, to mun zo layin jirgin. Ka cire shi ne?"

"Na ɗauka Tormod kike wa."

"Tormod? Mutumin da ko akuya ba ta zama ta ji ƙarshen labarinsa?"

Wannan don ta kwantar masa da hankali ta faɗa, ni na sani.

Suka yi ta zagaye har rana ta karkata, ƙugiya ba ta taɓa komai ba. Kuma kifin hunturu ya kusa wucewa, rabin katakonsu babu shanya. A hanyar dawowa ya sassauta murya.

"To bargo alama ɗaya ce. Ɗayar fa? Ba a kama wuri da alama ɗaya."

"Babanka ya taɓa gaya wa mamarka nasa?"

"Ni mijinki ne, Sigrun."

"Shi ya sa na ba ka ɗaya. Ja filafili, ruwa na janye mu."

Tun daga ranar Eilif da hannunsa yake rataye bargon, shi ke tuƙi, ita ke cewa a tsaya nan. Katakonsu ya fi na kowa cika. Ya yi ta satar kallon inda idonta ke sauka har furfura ta cika masa kai, bai gano ba. Ni ma bai taɓa sakin jiki da ni ba. In ya gama ɗaure bargon sai ya juyo ya harari ƙofata, ni kuwa in ɗaga masa hula.

Su biyun suna kwance a maƙabartar bayan coci yanzu, alamar ta biyu ta tafi tare da mai ita. Sandar tana nan tsaye. Wanda yake ganin ƙari na yi, ga kwalekwalena, ga jan bargo zan ara masa. Ya je ya nemo jirgin. In ya dawo da kifi ko ɗaya daga wurin, a gabansa zan tauna hular nan in haɗiye.