Shida Bisa Bakwai

"Ai shi ya ɓoye takardar," in ji Lizzy, maƙwabciyarmu, tana juya shinkafa a kicin ɗin mamacin. "Kowa ya sani, Malama Martina. Haushin an cire shi daga koci ne ya sa ya kashe musu kulob."

Kwana biyu ke nan da rasuwar Baba Dachung, maƙwabcina na shekara goma sha ɗaya a bene na uku a Hyattsville da ke Amurka, ƙofarsa na kallon tawa. Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi a Jos, kuma abin da na tsinta a aikin shi ne duk maganar da aka fara da "kowa ya sani", ba wanda ya taɓa dubawa.

"Kin ga takardar?" na tambaye ta.

"To ai ɓoye ta aka yi, ta ina zan gani?"

"Juya shinkafarki, tana kamawa."

Kulob ɗin sunansa Kuza. 'Yan Filato ne da 'yan Kudancin Kaduna, nas-nas da ɗalibai da direbobi, suna buga ƙwallo a wata ƙaramar gasa ta masu sha'awa, a rukuni na biyu. Baba ne ya kafa shi, ya sa masa sunan kulob ɗin kakansa, lebura mai haƙar kuza a Bukuru. Kakan ya yi makarantar mishan, ya rubuta labarin wasanninsu na 1928 a wani littafi da Baba yake ajiyewa cikin gwangwanin biskit. Da Choji, injiniyan nan mai gida a Mitchellville, ya zama ciyaman, sai ya ce zamanin Baba ya wuce, ya mayar da shi sakatare. A gaban yara ya kira littafin "tarihin marasa takalmi."

A wasan ƙarshe na waccan shekarar, kunnen doki kawai Kuza take nema. Abokan karawa suka jira a fili a Annandale, Kuza ba ta zo ba. Aka ba wa waɗancan nasara, Kuza ta faɗa rukuni na uku. Choji ya tara mutane ya ce sakatare ne ya danne takardar gayyata. Aka kori Baba. Shekara biyu bai ce uffan ba.

Kuma al'adar kulob ce, in ɗayansu ya rasu, a shimfiɗa rigar Kuza a kan akwati, 'yan wasa su ɗauke shi a kafaɗa. Choji ya aiko cewa ba riga. Irene, 'yar Baba, wadda kullum aikinta ke nan a asibiti ganin mutuwa, wannan saƙon ne ya sa ta kuka.

Abin da Lizzy ba ta sani ba, gwangwanin yana ɗakina.

Sati ɗaya kafin ya cika, na kai masa gwaten acca da hantsi. An kafa masa gado a falo, robar iska a hanci. Ya sha cokali biyu, ya ture kwanon.

"Ba gishiri."

"Likita ya hana."

"Likita ne zai mutu ko ni?" Ya nuna ƙarƙashin gado. "Jawo gwangwanin can. Akwai ambulan a sama. Ranar da Choji ya zo gaisuwa, ki buɗe a gaban mutane. Ke kika iya karatu da murya."

"Kana kwance a nan kana shirya faɗa?"

"To a ina zan shirya, a kabari?" Ya yi tari. "Littafin kuma naki ne, malamar tarihi. Amma sai an binne ni."

Ban buɗe ambulan ɗin ba. Ban yarda da Lizzy ba, amma shi ma Baba ban ba shi gaskiya kyauta ba. Na ce bari takarda ta yi magana.

Choji ya iso da la'asar, cikin baƙar kwat, da 'yan wasa huɗu a bayansa. Falo cike, mata a kujeru, maza a tsaye jikin bango. Ya durƙusa ya yi wa Irene gaisuwa, ya ce Baba uba ne gare su duka. Na bari ya gama. Na tsallaka ɗakina na dawo da ambulan ɗin, na buɗe.

"Ciyaman, mamaci ya bar maka saƙo."

Takardar gayyatar ce daga hukumar gasar. A samanta an buga ranar wasa, 6/7. A ƙasa, da jan biro, an rubuta: "Baba, a sanar da yara, shida ga Yuli." Da sa hannu. Sau ɗaya na karanta na gane, har sai da na ji daɗi a ƙashina.

"Rubutun wa ke nan?"

Choji ya duba. "Nawa ne."

"Shekararka nawa a ƙasar nan?"

"Ashirin da biyu, Mama."

"In Ba'amurke zai rubuta kwanan wata, me yake fara sawa, rana ko wata?"

Longji, mai tsaron ragar Kuza, ya karɓi takardar ya ƙura mata ido. A hankali ya ce, "Wata na shida, rana ta bakwai. Bakwai ga Yuni." Ya ɗago. "Ciyaman, ranar nan ina gida ina wanke mota."

"Mama, nan ba wurin wannan maganar ba ne," in ji Choji.

"A gaban mutane ka kore shi, a gaban mutane za ka ji. Kuma ka daina ce mini Mama. Da ni na haife ka, da ka iya karanta kwanan wata."

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Lizzy tana bakin kicin da ludayi a hannu.

"Ai dama na ce mutumin kirki ne," ta ce.

Ranar jana'iza rigar ta zo, kore da fari, an goge ta. Longji da mutum biyar suka ɗauki akwatin. Choji ya tsaya can baya wajen motoci, ba wanda ya matsa masa wuri. Kafin sati ya zagayo ya ajiye muƙamin ciyaman. Ba zan ɓoye ba, ban tausaya masa ba.

Washegarin jana'iza da safe na dafa shayi, na buɗe gwangwanin. Takardun littafin sun yi ja, gefensu na marmashewa. Rubutun kakan manya-manya ne, da fensir. "Mun yi wasa da akawuna. Sun ci mu uku. Suna da takalmi." A wani shafin: "Gyang ya karya yatsa. Mun ci ɗaya." Haka har ƙarshen shekara, sun ƙare na biyun ƙarshe, ba ƙorafi ko layi ɗaya.

Daga tsakiya rubutun ya canza zuwa biro. Baba ne ya ci gaba, wasa bayan wasa, da irin gajerun jimlolin kakansa. Na bi har shafi na ƙarshe. Ta ƙofata da na bari a buɗe ina hango Irene tana ɓamɓare sunan ubanta daga jikin tasu ƙofar da bakin cokali.

Shafin ya ce: "Ashirin ga Mayu. Choji ya kawo takardar wasan ƙarshe. Ya karanta kwanan watan irin na gida. Na gani. Ban faɗa masa ba."