Maɓallin Bogi

Agogon Baba ba irin na kowa ba ne. Ƙwayaye ne na gilashi a jere bisa katako, kowanne da siraran wayoyi a ciki da aka lanƙwasa su siffar lambobi, suna ci da jar wuta kamar garwashi. Tuni aka daina ƙera irinsu. In ɗaya ya mutu, to sai dai a yi masa addu'a.

'Yarsa mai gyaran rediyo ce ke kula da agogon, kuma rowar wuta take yi masa da gangan. Ta haɗa shi yadda ƙwayayen ke karɓar wuta bi da bi, da saurin da ido ba ya kamawa. Hasken ya ɗan ragu, amma za su daɗe. In aka ba kowanne tasa wutar kai tsaye, aka ƙure ta, za su haska falo har kan labule, su kuma tsufa da wuri.

Shi Baba wannan bayanin bai dame shi ba.

"Uwata, agogon nan ya dushe," in ji shi.

"Lafiyarsa lau, Baba."

"Ni da na saye shi tun kina rarrafe za ki gaya wa?"

Akwai wani ɗan maɓalli a baya da ke ƙara wuta. Da ta fita shago sai ya lallaɓa ya murɗa, in ta dawo ta mayar. Ta ɗiga wa maɓallin jan farce don ta kama ɓarawo. Washegari ta tarar da jan farcen a babban yatsan Baba, yana ta rantsuwa shi ko kusa da wurin bai je ba.

Sai ta yi masa ta 'yan gyara. Ta cire wayar maɓallin daga ciki, ta bar shi yana juyawa a banza. Baba ya murɗa son ransa, ya koma kujera yana murmushin mugunta.

"Kin gani? Yau ya yi kyau da kansa."

"Ikon Allah," ta ce, ta shige kicin don kada dariya ta tona mata asiri. Ta daɗe tana jin daɗin wannan nasara, har abokan sana'arta ta ba labari.

Wata rana da hantsi ta dawo ɗaukar sukundireba da ta manta. Ta same shi ya jawo kujera dab da agogon, hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya ƙure maɓallin har ya tsaya. Lambobin na ci sarai, ita tun daga bakin ƙofa ta karanta su.

Ya ji motsinta, bai waiwayo ba.

"Uwata," ya ce a hankali, "ƙarfe nawa?"

Ashe duk tsawon lokacin nan ba ƙwayayen ne ke dushewa ba. Kunya ta kama ta, da tausayi mai zafi.

Ba ta koma shago ba ranar. Ta kwance bayan agogon, ta ja wa kowane ƙwai wayarsa, ta sakar musu wuta. Da ta jona, falon ya yi ja.

"Sha ɗaya da kwata," Baba ya karanta da ƙarfi, yana washe baki. Can sai ya kalle ta ta gefen ido. "Ba ke kika ce za su mutu ba?"

"Su mutu mana," ta ce, tana naɗe waya. "Gobe kuma da ni da kai sai asibitin ido."