Alhaji Abdulwahabu Ya Fita Neman Gafara

Alhaji Abdulwahabu tsohon malamin gona ne a Ikara, shekarunsa saba'in da huɗu. Ranar wata Laraba likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau. Ranar Juma'a kuma liman ya yi huɗuba a kan haƙƙin mutane, ya ce Allah yana yafe nasa, amma na bawa sai bawan ya yafe. Alhaji ya dawo gida jiki a sanyaye, ya ce wa matarsa Hajo zai bi mutane ɗaya bayan ɗaya ya roƙi gafara tun yana da ƙafa.

Ya fara da yayarsa Fatsuma da ke Paki. Bayan sun gama gaisuwa, an tambayi gida da gona da ciwon gwiwa, sai ya sunkuyar da kai.

"Yaya, tulun Inna da ya fashe muna yara, har aka zane ki, ni na fasa shi. Ki yafe mini."

Fatsuma ta dube shi ta gyara zama.

"Tulu? Duk abin da ka yi mini a duniya, tulu kawai ka tuna?"

Ta fara daga ranar sunan ɗanta na fari da bai zo ba, ta gangaro kan ciwon idonta da ya yi wata biyu bai leƙo ba, ta haɗa da wata magana da ya faɗa a rabon goron auren jikarta. Sai da aka kira la'asar ta ce ta yafe tulun, sauran kuma za ta yi tunani. Ya koma Ikara da laifi goma sha ɗaya, alhali da guda ya fita.

Duk da haka bai karaya ba, domin babban abin da ke cin ransa yana Makarfi, wurin amininsa Sama'ila mai noman rake. Da Hajo ta ji zai tafi, ta ce za ta bi shi ta gaida Adama matar Sama'ila, ta kuma sayo mazarƙwaila. Ya yi ta kawo uzuri, ta riga ta yafa mayafi.

A Makarfi mata suka shige ciki, maza suka zauna a zaure. Alhaji ya rage murya.

"Sama'ila, ka tuna lokacin da muke neman Hajo ni da kai? Ni na je na gaya wa mahaifinta wai kana da farfaɗiya. Shi ya sa aka hana ka. Shekara hamsin ina ɗauke da wannan abu."

Kunnen Sama'ila ya yi nauyi, sai da Alhaji ya maimaita sau uku, na ukun da ƙarfi har cikin gida. Da ya fahimta, ya ƙyalƙyale da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Haba Abdulwahabu! Ai a ranar na ji labari, na kuwa yi hamdala. Ni ina neman hanyar gudu ne, na rasa. Ka manta yadda take da baki? Yarinyar da ta sa mai nama kuka a kasuwa! Wallahi ni ya kamata in nemi gafararka, da na bar ka ka shiga."

Labule ya ɗaga, sai ga Hajo a tsaye da ƙullin mazarƙwaila a hannu, Adama na bayanta tana ƙoƙarin haɗiye dariya.

"Sannunku dattawan arziki," in ji Hajo. "Ɗaya maƙaryaci, ɗaya matsoraci. Alhaji, tashi mu tafi kar mota ta cika."

Suka koma Ikara. Kwana uku tana ajiye masa tuwo da miya lami, ba gishiri ba yaji. Da ya yi ƙorafi, ta ce umarnin likita ne, tana so ya yi tsawon rai ya gama zagayen da ya fara.

A rana ta huɗu da hantsi ya same ta tana tsince barkono a tsakar gida. Ya jawo kujera ya zauna.

"Hajiya, na san na raba ki da wanda kike so. Ki yi haƙuri."

Hajo ta aje faifan.

"Wa ya ce maka ina son sa? Mutumin da ke zuwa zance yana tauna rake yana tofar da ɓawo a ƙofar gidanmu? Tun kafin ka kai ƙaryarka da sati biyu na gaya wa Inna in ba kai ba sai rijiya. Baba ya san Sama'ila lafiyarsa ƙalau. Da ka fita daga zaure, dariya ya yi ya ce, wannan yaron ko ƙarya bai iya ba, ba zai cuce ki ba."

Alhaji ya zuba mata ido. Shekara hamsin yana istigfari a kan wannan zunubi, amma a can ƙasan ransa yana jin daɗin cewa dabararsa ce ta ba shi mata.

"Wato abin da na yi bai yi aikin komai ba?"

"Ko kaɗan."

"To me ya ɓata miki rai?"

"Wai shi Sama'ila ne zai ce ya guje ni. Shi!"

Saura mutum bakwai a Kudan da ya yi niyyar zuwa wurinsu, abokan aikinsa na da. Ya yi tunani ya fasa. Bayan sallar azahar ya miƙe a masallacin unguwa ya ce duk wanda ya yi wa laifi ya yafe masa, ya zauna da sauri kafin wani ya tambaye shi wane laifin.