Abin da ke Hannun Ikhlas

Suna wuce kasuwar Kwadon iskar ta sake juyewa. Bilkis ta kara bayan hannunta a inda hitar motar ke hurowa, ta ji sanyi kamar an buɗe firji. Ta murɗa maɓallin har ƙarshe. Ƙara ta ƙaru, sanyin ma ya ƙaru. Ta kashe.

"Mami, ta tafi kuma?" in ji Ikhlas daga kujerar gefe.

"Za ta dawo."

Ikhlas 'yarta ce, shekararta goma, kuma da sikila aka haife ta. Ba abin da ke tayar mata da ciwo kamar sanyi. Bara war haka, fitar safe guda a keke-napep ta kwantar da ita a asibiti har aka gama jarrabawa aka tafi hutu. Dalilin ke nan da babanta Shu'aibu, wanda ke aiki a Fatakwal, ya sayo wannan mota 'yar Turai, irin wadda ake jona wa caji kamar waya kuma tana shan fetur. Shi abin da ya burge shi sauƙin mai. Ita Bilkis hitar kawai ta duba.

Jiya suka zo Kwadon sunan ɗan Sadisu, ƙanen Shu'aibu, dare ya yi musu suka kwana. Yau kuma Ikhlas ke da jarrabawar lissafi da ƙarfe takwas, a makarantarsu da ke Barunde. Tun asuba ta saka rigar makaranta, ta ɗora rigunan sanyi biyu, ta zauna bakin gado da jaka a cinya. Kakarta, Hajiya A'i, ta leƙa tsakar gida ta dawo tana murza hannu.

"Bilkisu, ki bari rana ta fito. Jarrabawa ai ba salla ba ce."

"Hajiya, motar akwai hita. Cikinta ya fi ɗakin nan ɗumi."

"Ni dai in na zo ta ɗaya, ba ki da rabo a kyautar," in ji Ikhlas.

"Ke da ba ki iya cinye malmala guda, ina ke ina ta ɗaya?" in ji kakar.

A ƙofar gida motar ta yi abin kirki. Bilkis ta tayar da ita ta bar ta tana aiki, har tsohuwar ta zura hannu ta taga ta ji ɗumi, ta ce, "To. Allah ya kai ku lafiya." Da wannan suka fito.

Yanzu ga titi a buɗe, gonakin albasa hagu da dama, rana ba ta ɗago ba, ɗumin da suka taso da shi yana zurarewa. Bilkis ta ji sanyin sitiyari a yatsunta. Ta saci kallon cinyar yarinyar.

Ba fuskar Ikhlas take dubawa ba, don fuskar ta iya ƙarya. Hannu take dubawa. Watannin baya yarinyar ta tsinci wani ɗan ƙarfe mai sifirin a jiki, ta wanke shi, ta raɗa masa suna Ɗantala, ba ta zuwa ko'ina ba shi. In lafiya lau take, juya shi take yi tsakanin yatsu. In ciwo ya fara taɓa ta, ba ta faɗa, sai ta damƙe shi. A yanzu dai juya shi take yi.

Wata babbar mota shaƙe da kwandunan tumatir ta tare hanya a wurin da titi ya lalace. Suka tsaya a bayanta, suka ja, suka sake tsayawa. Bilkis ta gwada maɓallin. Injin ya farka da ɗan gurnaninsa, ba a jima ba iska mai ɗumi ta fito.

"Ta dawo," in ji Ikhlas, ta miƙa tafukanta.

Bilkis ta wuce mai tumatir ta taka totur. Kafin su yi nisa ɗumin ya fara sirkewa, sannan ya ɗauke gaba ɗaya.

Haka motar ke yi mata tun shigowar sanyi, yau zafi, anjima babu. A cikin gari ba ta damu sosai ba, don daga gida zuwa makaranta duk tsaye-tsaye ne. Shu'aibu ya ce a waya wataƙila batir ne, ta riƙa cika caji. Ta cika, ba abin da ya canza. Makon jiya ta kai wa Uzochukwu, bakaniken gidansu, ya kunna a garejinsa, hitar ta huro wuta kamar gidan burodi. Ya kalle ta, ta kalle shi, ta ji kunya ta tafi.

Sai yanzu, a kan wannan doguwar hanya, ta ga abin a fili. In motar na tsaye, akwai ɗumi. In tana gudu, babu.

Kafin Liji ta gangara gefen titi kusa da teburin wani mai shayi, ta tsaya ba ta kashe ba. Suka zauna suna jira. Ɗumin ya zo.

"Mami, za mu makara."

"Na sani."

"To mu tafi mana."

In sun tafi, sanyi. In sun zauna, an fara jarrabawa ba su. Bilkis ta duba leɓen yarinyar, ta duba agogo, ta ɗauki waya ta kira Uzochukwu, ta sa a sifika.

Sai da ta yi ta ƙara kafin ya ɗauka, ana jin kukan yara da ƙarar bokiti a bayansa. A Kagarawal aka haife shi, Hausarsa ta fi ta Bilkis gudu.

"Hajiya, lafiya da sassafe haka?"

"Oga Uzo, hitar nan ce. Ina hanyar Kwadon da yarinya. In na tsaya tana zafi, in na taka sai sanyi."

"In kin taka sai sanyi," ya maimaita. "A tsaye na gwada ta ran nan, ko?"

"A tsaye."

"Hajiya, ina jin tamosta ne."

"Mene ne shi? Ya lalace?"

"Bai lalace ba. Babu shi. Lokacin zafi da Sadisu ya kawo ta juyen mai, ya ce a yi mata gyaran ƙasarmu. Na cire."

"Ka cire me?"

"Wani ɗan abu ne da ke tare ruwan inji har sai ya yi zafi. To wannan motar, da ruwan inji take ɗuma ciki. In babu shi, ruwan na zagawa lagireto mai sanyaya shi kai tsaye, iskar hanya tana hura shi, ba zai taɓa zafi ba sai kin tsaya." Ya ja numfashi. "Tun ina yaron shago haka muke yi wa duk motar da ta sauko daga jirgi. Kayan ƙasar ƙanƙara ne, mu nan zafi ke kashe inji. Wallahi Hajiya, ke ce mutum na farko a Gombe da ya taɓa tambayata hita."

Bilkis ba ta da lokacin faɗa. "Ina ka kai shi?"

"Ba na jefar da kayan mutane. Na saka miki a aljihun ƙofa, ɓangaren fasinja. Ƙarami ne, kamar murfin fulas, da sifirin a jiki."

Ta juya a hankali. Ikhlas ta riga ta ji. Ta dubi uwarta, ta dubi Ɗantala, ta cusa hannun ƙarƙashin rigar sanyi.

"Nawa ne," ta ce. "Ni na tsinta."

"Hajiya, kina ji na?"

"Ina ji. Yana nan. Zan iya mayarwa da kaina?"

"A'a, sai an kwance, an zubar da ruwa. Ki nemi kwali ki toshe gaban motar, inda iska ke shiga. Kada ki toshe duka, ki bar kaɗan, kuma ki riƙa duba alamar zafi. Direbobin Mambila haka suke yi."

Ta fita. Sanyin ya ratsa mayafinta nan take. Mai shayin yana fifita gawayi, wasu 'yan acaba biyu sun duƙunƙune a benci da kofuna a hannu.

"Malam, ina kwana. Don Allah kwali nake so."

"Kwali? Ba shayi ba?"

"Kwali. Wancan na taliyar."

Ya juye sauran taliyar a kan tebur ya miƙa mata. Ta farke shi, ta durƙusa gaban motar tana cusawa tsakanin ƙarafan. Ya ƙi zama. Ta cire ɗankwalinta daga ƙarƙashin mayafi ta ɗaure shi da shi.

"Hajiya, mota ma mura take yi?" in ji ɗaya daga cikin 'yan acaban.

"Irin ta masu kuɗi ce," in ji ɗayan. "Sai da bargo."

Mai shayin ya leƙa ya ga yarinyar a ƙudundune, ya zuba ruwan zafi a kofi ya kawo bakin taga, ya ƙi karɓar komai. Ikhlas ta karɓa da hannun hagu. Na daman yana cikin riga.

Suka hau titi. Bilkis ta bar hannu ɗaya a bakin hitar tana tuƙi da ɗaya. Ɗumin ya ragu, ta riƙe numfashi. Bai ɗauke ba. Suka wuce Liji, suka fara shiga gari, 'yan makaranta na tafe a gefen hanya hannuwa a hammata. Ɗumin ya tsaya, sannan ya ƙaru. Kwalin banza ya yi aikin.

"Kin gani, za mu isa," in ji Ikhlas. Muryarta ta yi siriri. Sai ta shiga karanta jadawalin sau bakwai da ƙarfi, ba wanda ya tambaye ta.

A mahaɗar da hanya ta rabu, ɗaya ta yi Barunde ɗaya ta yi asibiti, ɗan sandan hanya ya ɗaga musu hannu suka tsaya.

"Ikhlas, fito da hannunki."

"Sanyi nake ji."

"Motar ta yi zafi. Fito da shi."

Ta fito da shi. Yatsun sun naɗe ƙarfen har gaɓoɓinsu sun yi fari. Bilkis ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Sifirin ɗin ya zana layuka a tafin.

"Ina ne?"

"Gwiwa ce kawai. Kaɗan."

"Tun yaushe?"

"Tun wajen mai tumatir." Ta haɗiye yawu. "Mami, zan iya. Da hannu ake rubutu, ba da gwiwa ba. Na yi karatu. Wallahi na iya duka."

Bilkis ta san ta iya. Ta kuma san wannan kaɗan ɗin. Ta san yadda yake hawa daga gwiwa zuwa ƙugu zuwa baya, ta san inda zai kai kafin a karɓi takardu. Ɗan sandan ya ba su hannu. Na baya ya danna oda. Gumi na tsattsafowa a goshinta, cikin motar ya yi ɗumi kamar ɗakin mai jego.

Ta juya sitiyari ta ɗauki hanyar asibiti.

Ikhlas ba ta yi kuka ba. Ta mayar da fuskarta taga har suka shiga ƙofar asibitin.

A ɗakin yara, nas Nancy ce ke aiki. Ta san su tun bara.

"Ikhlas, ke ce kuma? Ba mun yi da ke ba za ki ƙara zuwa mana ba?"

"Ba ni na zo ba. Kawo ni aka yi."

Kafin a gama neman jijiya ciwon ya kai baya. Aka ɗaura ruwa, aka yi allura, Bilkis ta riƙe ƙafafun tana murzawa. Wayarta ta yi ƙara, Hajiya A'i ce.

"Kun isa?"

"Muna asibiti, Hajiya."

Bilkis ta jira maganar da ta san ta cancanta.

"Me zan taho da shi?" in ji Hajiya A'i.

Wajen hantsi allurar ta kama, yarinyar ta yi barci, baki a ɗan buɗe. Rana ta shigo ta taga. A waje mutane sun fara cire rigunan sanyi.

Nancy ta leƙo ta ce wani na sallama. Uzochukwu ne a bakin baranda, akwatin sifanu a hannu ɗaya, ledar lemu a ɗayan. Ya kasa haɗa ido da ita.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Sadisu ne ya gaya mini kuna nan. Na ga motar a waje da kwalinta. A ba ni abin, Hajiya, yanzu in mayar a nan inda take. Ba zai ɗau lokaci ba."

Bilkis ta koma ciki. Hannun Ikhlas na kan bargo, Ɗantala a cikinsa. Ta sa yatsa ta ɗaga ɗan ƙaramin yatsan a hankali. Yarinyar ba ta buɗe ido ba, amma hannun ya ƙara damƙewa, goshinta ya tattare.

Ta sake shi. Ta gyara bargon, ta fito.

"Ka nemo wani."

"Irin nata babu a Gombe. Sai an aiko daga Legas, zai ɗau kwanaki."

"Muna nan," in ji Bilkis. Ta karɓi ledar lemun. "Ba inda za mu."