Ramin Ƙafar Kawu Wilf

"Mama, yaya aka yi Kawu Wilf ya shiga cikin wannan ɗan tulun?"

Bryony ce, 'yata mai shekara shida, ta jefo tambayar a kicin ɗin maƙwabciyarmu Marjorie, tana nuna tulun tokar gawarsa da aka ƙona, da ke kusa da butar shayi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na damƙe hannunta.

"Ƙyale ta, Gemma," in ji Marjorie. "Da ƙyar ya shiga, 'yar nan. Kin dai san girman ƙafafunsa."

Mijinta Wilf ya rasu ƙarshen Agusta, a kujerarsa ta bakin taga, inda yake hango filin kurket, wasan jifan ƙwallo da bugunta da sanda, na ƙauyenmu Askerby. Tun ina yarinya ya daina wasa, amma har yau in aka ce mai jifa a Askerby, shi ake nufi. A sanyaye yake tahowa kamar mai zuwa sayen jarida, sai ka ga ƙwallo ta kauce ta watsa sandunan da mai bugu ke karewa. Da ciwon huhu ya kwantar da shi, ni nake kai masa miya ranar Asabar. Ba ya sha. Sai ya ce in buɗe taga, ya riƙa yi wa 'yan wasa faɗa da muryar da ba ta wuce labule.

Alkawari ɗaya Wilf ya sa Marjorie ta ɗauka: a zuba tokarsa a tsakiyar fili, inda ake jifa. Ga shi an sayar da gidan, ƙarshen wata za ta koma Leeds wurin ɗanta. Clive kuwa, mai kula da filin, ya ce atafau.

Muka same shi da safe yana gyaran kaka, tunda an rufe wasannin bana. Marjorie na rungume da tulun cikin jakar cefane.

"Ko wa ya mutu, ba a zuba min toka a nan," in ji Clive. "Tana ƙone ciyawa, ga tsakuwa a cikinta. Ƙwallo ta dira a kai ta yi tsalle, haƙoran wa za ta zubar?"

Ya dubi Bryony. Baɗi za ta fara wasa da ƙungiyar yara, kuma na taɓa riƙe ƙwallon nan: dutse ne aka sa wa rigar fata. Ina son Wilf, amma ba da bakin 'yata ba.

"Kai tsohon banza," in ji Marjorie. "Wilf ne ya koya maka riƙon sanda."

"Shi ya sa ban taɓa cin komai ba."

"To sai in tafi da shi Leeds? In ajiye shi kan talabijin yana kallon motoci?"

Clive ya juya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Ni kuwa idona na kan wani rami a bakin tsakiyar filin, bayan farin layi, don Bryony ta kusa gurɗewa a ciki. Na tambaye shi ramin mene ne.

"Nan masu jifa ke dira ƙafa. Kowace kaka sai na cike shi da yumɓu. Wilf ne ya fara haƙa shi da wannan kofaton nasa, sauran suka bi."

"Ƙwallo na sauka a nan?"

"Sai in mai jifan ya bugu."

"To ka cike ramin da Wilf mana," na ce.

Ya daɗe yana duban ramin. Sannan ya shiga rumfa ya fito da bokitin yumɓu da rariya. Marjorie ta tankaɗe tokar cikin bokitin da kanta. Clive ya cire hula ya cusa a aljihu, ya durƙusa ya kwaɓa da hannu.

"Shekara da shekaru ina biyan ɓarnarka," ya ce wa bokitin. "Yau ka gyara da kanka."

Ya cike, ya daɓe da dunduniya, ya ba Bryony irin ciyawa ta watsa.

"Anti Marjorie, zai fito?"

"Ciyawa za ta fito. Shi ba ya fitowa in bai ga dama ba, tambayi Clive."

Motar kwasar kaya ta zo ranar Litinin. Marjorie ta bar min tulun. Na wanke shi, na sa a saman kabad inda hannun yaro ba ya kai.

Wurin ya tsiro yanzu, ɗan kore mai haske kamar faci a tsohuwar riga, igiya zagaye da shi. In ka biyo ta ƙauyenmu da karenka, hanya ta gefen shinge take. Kada ka tsallaka igiyar nan. In Clive bai gan ka ba, tagar kicin ɗina na kallon wurin.